Ƙanwar Babbar Kwalba: Waiwaye Kan Yadda Gandayen Bordo Suka Tsare Sunansu

A kudu maso yammacin Faransa, kusa da inda kogin Garon da na Dordon suke haɗuwa su miƙe zuwa teku, akwai birnin Bordo da gandayen inabin da suka kewaye shi. Manyan cikinsu, irin su Château Margaux da Château Latour da Château Lafite Rothschild, ba jar giya iri ɗaya suke fitarwa a shekara ba. Akwai babbar kwalba mai ɗauke da sunan gidan, wadda attajiran duniya ke rububinta. Sai kuma ƙanwarta, wadda ta fito daga gandu ɗaya, hannun ma'aikata ɗaya, kaka ɗaya, amma aka raɗa mata suna daban, aka sassauta mata farashi. Ta Margaux ita ce Pavillon Rouge, ta Latour Les Forts de Latour, ta Lafite kuwa Carruades de Lafite.

Giya haramun ce a Musulunci, kuma babu mai neman sassauci kan wannan hukunci a nan. Abin da ya sa na ga ya dace mu waiwayi tarihin nan, mu da muke zaune a Yola da Jimeta, tsakanin tabkin Njuwa da Geriyo, muna noma da kiwo da kamun kifi, shi ne darasin sana'a da ke cikinsa. Mutanen nan sun shafe fiye da shekara 300 suna fama da tambayar da ke gaban duk mai kai kaya kasuwa. Idan amfaninka bai fito daidai da juna ba, wani ya yi kyau ƙwarai wani ya yi dama-dama, yaya za ka yi da na dama-daman? Amsar da suka cimma a ƙarshe ita ce ta mayar da sunan gona dukiya mai zaman kanta, wadda ake gada ake kuma saye.

Zamanin da ganga ba ta da suna

Cinikin Bordo da Ingila daga aure ya samo ƙarfi. A 1152 Eleanor, magajiyar ƙasar Akiten, ta auri Henry wanda bayan shekara biyu ya zama sarkin Ingila, yankin ya zauna ƙarƙashin sarautar Ingila har zuwa 1453. Tsawon wannan zamani jiragen ruwa suna ɗibar ganguna zuwa tashoshin Ingila, amma ba mai tambayar daga gonar wa ganga ta fito. Fatake ne ke saye, su gauraya ta wannan da ta wancan, su sayar da sunan yankin. Medok kuwa, zirin ƙasar da ke arewa da birnin, wanda yau ya fi ko'ina tashe, yawancinsa fadama ce ta ruwa da sauro, sai kiwo. A ƙarni na 17 ne injiniyoyin Holan suka haƙa magudanai suka janye ruwan, tuddan tsakuwa suka samu nomuwa. Tsakuwar nan ba ta riƙe ruwa, tana shan zafin rana ta mayar wa shuka da dare, saiwa kuma dole ta nutsa can ƙasa neman danshi. Kurangar inabi a irin wannan ƙunci takan ba da 'ya'ya kaɗan, amma masu ƙarfi.

Gidan da ya fara nacewa a kira kayansa da sunan gonarsa shi ne na Pontac, masu gandun Haut-Brion a gefen birnin. A 1663 wani ma'aikacin gwamnatin Ingila, Samuel Pepys, ya ambaci gonar da sunanta a littafin da yake rubuta al'amuransa na yau da kullum. A 1666 gidan ya buɗe wurin sayarwa na kansa a Landan. Daga nan farashi ya fara bin suna. Lokacin da Thomas Jefferson, jakadan Amurka a Faransa, ya ziyarci Bordo a 1787, gandaye huɗu ya tarar a sahun gaba: Margaux, Latour, Lafite da Haut-Brion.

A 1855 Sarki Napoleon na Uku ya shirya baje kolin duniya a Paris, aka nemi Bordo ta kawo kayanta a tsare. Majalisar 'yan kasuwar garin ta miƙa aikin ga dillalai, su kuwa suka buɗe littattafan ciniki na shekaru masu yawa, suka jera gandaye hawa biyar bisa farashin da kowanne ya saba samu. Huɗun nan na Jefferson su ne suka hau hawa na farko. Jerin yana nan har yau da gandaye 61 na jar giya, kuma babban canjin da aka yi masa shi ne na 1973, da aka ɗaga Mouton Rothschild daga hawa na biyu zuwa na farko. Akwai wurin da mutane kan rikice a nan. Gandun hawa na biyu gida ne mai zaman kansa, da ƙasarsa da masu shi. Kwalba ta biyu kuwa cikin gida ɗaya take, gidan da kansa ne ya ware ta daga babban kayansa.

Jerin 1855 ya ɗora wa manyan gidaje nauyi. Wanda aka rubuta sunansa a sama, duk gangar da ta fita da tambarinsa shaida ce a kansa. A da, abin da bai gamsar ba akan sayar wa fatake a ɓoye ba suna, ko a bar wa ma'aikatan gandu. Wasu gidajen kuwa, idan aljihu ya yi zafi, sai su juye duka cikin babban kaya su rufe ido.

Annobar da ta tilasta a raba kaya

A shekarun 1860 wani ɗan ƙaramin ƙwaro mai suna filoksera ya shigo Faransa daga Amurka. Saiwa yake ci, kuranga ta bushe a tsaye. Kafin ƙarshen ƙarnin ya ratsa kusan duk gonakin inabin ƙasar. Maganin da aka dogara da shi a ƙarshe shi ne a yi wa irin Faransa aure da saiwar irin Amurka, wadda ƙwaron ba ya iya kashewa. Hakan na nufin tuge gona a sake dasawa, fili bayan fili. Kurangar inabi takan fara ba da amfani a shekara ta uku, amma saiwarta ba ta nutsa sosai sai ta haura shekara goma, kuma masu gandu sun fi amincewa da wadda ta kai 30 ko 40. Sai ga manyan gidaje da tarin inabin sabuwar shuka, mai kyau daidai gwargwado, amma bai kai na tsofaffin kuranga ba.

A wannan yanayi ne ƙanwar ta fara samun suna nata. Gandun Léoville Las Cases ya fitar da Clos du Marquis a 1902. Margaux, wanda tun ƙarni na 19 yake da abin da yake kira giya ta biyu, ya ba ta sunan Pavillon Rouge a 1908.

Wani matashi ne ya ƙara tura lamarin gaba. Baron Philippe de Rothschild ya karɓi ragamar Mouton yana ɗan shekara 20, kuma daga kakar 1924 ya yanke cewa duk amfanin gandunsa a gida za a ɗura shi a kwalba. Kafin nan fatake ne ke sayen ganga su ɗura a rumbunansu, abin da suka ƙara ko suka rage su kaɗai suka sani. Da ɗuri ya dawo gida, alhaki ma ya dawo gida, babu sauran wanda za a ɗora wa laifi. Kakar 1930 ta zo da rauni, sai Baron ya ƙi sa mata sunan Mouton Rothschild, ya sayar da ita da sunan Mouton Cadet. Wannan suna ya karɓu har ya fi ƙarfin gandun, aka koma sayo inabi daga wasu manoma don a cika buƙata, ya tashi daga ƙanwar gida ya zama haja ta daban.

Sai dai al'adar ba ta ɗore a lokacin ba. Karyewar tattalin arzikin duniya a shekarun 1930 da yaƙin duniya na biyu sun bar gandaye cikin talauci, kuma mai fama da bashi ba ya iya ware rabin kayansa ya sayar da araha. Pavillon Rouge ma ta ɓace daga kasuwa na kusan shekara 40.

Dawowa da ƙarfi

A Fabrairun 1956 wani matsanancin sanyi ya kashe kuranga masu ɗimbin yawa a yankin, aka sake shiga dashe. A 1963 kamfanonin Ingila, Pearson da Harveys, suka sayi mafi yawan hannun jarin Latour. Suka zuba kuɗi, suka kafa tankunan ƙarfe masu sauƙin wankewa da daidaita zafi, suka dasa wasu filaye da ke wajen tsohuwar gonar. Zuciyar Latour fili ne mai kimanin hekta 47 a bakin ruwa, wanda suke kira l'Enclos. Suka tsai da ƙa'ida cewa babbar kwalba daga tsofaffin kurangar wannan fili za ta riƙa fitowa, sauran filaye da sabuwar shuka su tafi Les Forts de Latour, wadda aka fara da kakar 1966. Wannan ne ya canja matsayin kwalba ta biyu. Ta samu filayenta da aka san ta da su, ta daina zama wurin juye abin da ya rage.

Bala'in da ya koya wa sauran hankali ya zo a 1973. Masu binciken gwamnati suka gano cewa ana sayo giya mai araha daga kudancin Faransa a sauya mata takardu ta zama ta Bordo, kuma abin ya shafi ɗaya daga cikin tsofaffin gidajen fatake masu daraja. Aka yi shari'a a 1974. Abin kunyar ya haɗu da tashin farashin man fetur na duniya, kasuwa ta rushe, har waɗanda ba su ji ba su gani ba suka kwana ciki. Iyalin Ginestet, masu Margaux, dole suka sa gandun a kasuwa. A 1977 André Mentzelopoulos, ɗan asalin Girka mai jerin kantunan kayan masarufi a Faransa, ya saye shi. Ya gyara magudanan ruwa, ya nemi shawarar masani Émile Peynaud na Jami'ar Bordo, wanda ya daɗe yana wa'azin a tsananta zaɓe, kuma cikin abubuwan farko da ya yi har da dawo da Pavillon Rouge. Ya rasu a 1980, 'yarsa Corinne ta ci gaba da aikin.

Gasa ma ta matso. A 1976 an yi ɗanɗanon makanta a Paris, inda alƙalai Faransawa, ba tare da ganin tambari ba, suka fifita wata jar giyar Kalifoniya a kan manyan Bordo. Daga kakar 1982 kuma ɗan Amurka Robert Parker ya yi tashe da ba da maki bisa 100, har maki biyu ko uku suka zama abin da ke ɗaga farashi ko ya kayar da shi. Lissafi ya fito fili: gara ka rage yawan babbar kwalba ta yi fice, da ka cika ta ta zama ta kowa. Gandun Cheval Blanc ya fitar da tasa ƙanwar, Le Petit Cheval, a 1988, Mouton ya fara tasa ta ainihi da kakar 1993 wadda ta zama Le Petit Mouton, gandun Palmer ya kawo Alter Ego a 1998. Haut-Brion ya sauya wa tasa suna zuwa Le Clarence de Haut-Brion daga kakar 2007, don tunawa da Clarence Dillon, mai banki ɗan Amurka da ya sayi gandun a 1935.

Ranar hukunci a gandu

Ana girbi a Satumba da Oktoba, da hannu, kuma kowane fili tankinsa daban. Tun a tebur ake tsince ruɓaɓɓe da ɗanye. Bayan 'yan watanni, cikin sanyin farkon shekara, shugaban gandu da mai kula da rumbu da masanin da aka gayyato sukan tsaya gaban dogon tebur da aka jera gomman kofuna a kai, kowane kofi na wakiltar fili guda. Su shinshina, su kurɓa, su tofar, su rubuta. Wannan fili ya yi, ya shiga babba. Wancan ruwan sama ya tarar da shi kafin girbi, ya koma ƙanwa. Wani kuma ko ƙanwar bai isa shiga ba. Akwai shekarar da filin da ya saba shiga babba zai faɗo, mai gandu yana ji yana gani, domin kowace ganga mai lita 225 da aka sauko da ita kuɗi ne masu yawa da aka haƙura da su. A manyan gidajen yau, sau da yawa abin da ke shiga babbar kwalba bai kai rabin amfanin shekara ba.

Daga wannan tankaɗe da rairaya ne halin ƙanwar ya fito. Irin inabi biyu ne suka fi yawa a Medok. Cabernet Sauvignon mai kaurin fata ne, mai jinkirin nuna, mai bauri, shi ne ƙashin bayan babbar kwalba, shi ya sa takan buƙaci ajiyar shekara 15 ko 20 kafin ta huce. Merlot ya fi saurin nuna, ya fi laushi, kuma a yawancin gidaje kasonsa ya fi yawa a kwalba ta biyu. Sabuwar gangar katako da ake tsuma ta a ciki ma ba ta kai yawan ta babbar ba. Masana harkar sukan siffanta ta da cewa ta fi sauƙin kai, ta fi saurin isa, amma ana jin kamannin gidan a jikinta. Farashinta galibi bai kai rabin na yayarta ba.

Nasara ta zo da nata gwajin. Tsakanin 2008 da 2011 attajiran ƙasar Sin suka kamu da son sunan Lafite, farashin Carruades ya yi tashin gwauron zabo har ya wuce na babbar kwalbar wasu gidaje masu daraja, jabu suka cika kasuwa, daga baya farashin ya faɗo. Da ƙanwa ta zama mai suna, ita ma sai ta buƙaci kariya. Latour yana da ta uku da yake kira da sunan garin Pauillac, Margaux ma ya fara tasa ta uku da kakar 2009.

Mu da namu kayan

Wannan tarihi ba baƙo ba ne gare mu ƙwarai. Jar fatar akuyar Sakkwato ta shafe ƙarnuka tana ƙetare Sahara, Turawa suna saye suna kiranta fatar Maroko, domin a hannun fataken can suka same ta. Kaya namu, suna na wani. Nan Jimeta, tun zamanin da jiragen Kamfanin Neja ke hawo kogin Binuwai da damina suna ɗibar ƙaro da ƙiraga, daga baya gyaɗa da auduga, mai saye ne ke yanke wa kayanmu daraja. Dattawan da suka kai auduga kasuwa sun tuna da malamin da ke zura hannu cikin tari ya ce lamba ɗaya, lamba biyu ko lamba uku, kowace da kuɗinta. Manomi ya san in ya tsince dattin zai ga bambanci a aljihu. Da aka rushe hukumomin sayen amfanin gona a 1986, wannan tsari ya raunana, kuma ba mu gina namu a madadinsa ba. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari a jikinsa. Hukuncin bai ware mai gaskiya da mai ganganci ba, domin buhunan ba su ɗauke da sunan kowa. Wake ɗaya shi ke ɓata gari.

Duba yadda ake cinikin buhun shinkafa a kasuwanninmu. Mai saye ba ya yarda da abin da ya gani a baki. Sai ya karɓi ƙarfen sokawa ya soka a tsakiya, ya soka a gindi, ya zuba a tafin hannu yana neman tsaki da tsakuwa. Kwandon bandar kifi ma sai an zazzage shi, domin kowa ya san manyan tarwaɗa a sama suke kwana. Zuma sai an ɗiga an gwada, man shanu sai an narka. Duk wannan bincike haraji ne da algus ya ɗora mana, kuma mai kaya na gari shi ya fi kowa biya, domin farashin zato ake ba shi.

Tabkin Njuwa da kansa ya nuna mana cewa albarka ba ta tabbata a wuri ɗaya. Yashi da laka sun yi ta cike shi, ambaliyar Binuwai ta sauya hali tun da aka gama madatsar Lagdo a Kamaru a 1982, bikin kamun kifin da ke tara jama'a a Yola ya yi rauni. Idan yawa ya ragu, inganci da amana ne kaɗai ke iya riƙe mai sana'a. Manoman rani na Geriyo, masu casar shinkafa, mata masu banda, makiyaya masu man shanu, kowannensu yana da kaya hawa biyu ko uku a kowace kaka, ko ya faɗa ko bai faɗa ba. Abin da ya rage shi ne a raba su a fili. Tsayayyar ƙwaya ta shiga buhu mai sunan mai ita ko na ƙungiyarsu. Mai tsaki ta shiga wani buhun da nata sunan da nata farashin, ba tare da kunya ba, domin tana da masu buƙatarta, kuma mai sayenta ya san abin da ya biya.

Asarar farko tana kan mai kaya, babu shakka, kuma talaka shi kaɗai ba zai jure ta ba, kamar yadda gandayen Bordo suka kasa a shekarun yunwarsu. Shi ya sa aikin na ƙungiya ne: manoma ashirin ko talatin su amince da ma'auni ɗaya, su zaɓi mutanen da za su duba kaya ba sani ba sabo, su yarda a sauko da buhun kowa idan bai kai ba, ko da na shugaba ne. Kaka biyu ko uku za a ji jiki. Ribar tana zuwa ranar da ɗan kasuwa a Kano ko Garwa zai aiko da kuɗi ya ce a loda masa buhu hamsin na ƙungiya kaza ta Geriyo, lamba ɗaya, bai ga kayan ba, bai kuma nemi a soka masa ko ɗaya ba.